Felet mai maiƙo da kwaɓin kira: littafin fatsar barbel a Kogin Trent

Asabar, 10 ga Yuni, 2023

Saura kwana shida a buɗe kogi. A Ingila doka ta hana fatsar barbel da ire-irensa a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, don a bar su su yi ƙwai. Wata uku ke nan ina leƙen Trent ta tagar bas kamar mai azumi yana leƙen tukunya. Na sabunta lasisin Hukumar Muhalli, fam 33 na sanda biyu, na kuma biya kuɗin ƙungiyar da ke riƙe da gaɓar da nake zuwa, tsakanin Nottingham da Newark.

Barbel kifi ne dogo, launin tagulla, bakinsa a ƙasa, da gashin baki huɗu masu tsoka da yake laluben tsakuwa da su. Ba ɗan'uwan tarwaɗa ba ne, yana da ɓawo a jiki, kuma inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa yake so, ba taɓo ba. Shekara uku ina bin sa, kuma shekara ukun nan gardama ɗaya nake ji a bakin kogi, ita ce ta felet.

Felet ɗin nan ƙwayoyin abincin kifin kiwo ne. Wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa a gida ya san buhun Coppens ko Skretting, to danginsu ne, sai dai na gida yawanci mai yawo a saman ruwa ne, wannan kuwa nitsewa yake yi. Wanda masu barbel suka fi so shi ne wanda ake kira na halibut, sunan wani kifin teku. Ba da naman halibut ake yin sa ba, an ƙirƙiro shi ne don ciyar da halibut a gonakin kifi, baƙi ƙirin, da garin kifi da man kifi. Wanda na saya kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa mai ne, in ka damƙa tafin hannunka sai ya yi ƙyalli. Wasu sun ce man nan ne ke kiran kifi daga nesa. Wasu sun ce ƙarya ne, garin kifin ne ke aiki, man ƙosar da kifi kawai yake yi. Kowa da labarin ƙaton da ya kama, babu mai littafi.

Bana ni zan riƙe littafi. Sanda biyu, wuri ɗaya. Ɗaya da felet mai maiƙo, ɗaya da felet maras mai sosai, wanda mansa bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Kowace fita zan rubuta zafin ruwa, tsayinsa a ma'aunin Colwick, wato tashar awon ruwan Trent kusa da Nottingham, yawan abin da na zuba, da abin da ya fito.

Juma'a, 16 ga Yuni

Na ɗauki hutu, bayan masallaci na wuce kogi. Ruwa ya ja baya, garau, ana ganin ciyawar ƙasa tana kaɗawa. Ma'auni ya nuna digiri 20.

Ga tsarin, don kada in riƙa maimaitawa. Zare mai ɗaukar laba 12. A jikinsa fida, wato ɗan kejin ƙarfe mai baki biyu da dalma a gefe, giram 90. Sai ka toshe baki ɗaya da kwaɓi, ka cika tsakiya da ƙananan felet masu milimita 4 da 6, ka toshe ɗaya bakin. In ya sauka ƙasa ruwa ya narkar da toshin, abincin ya bi gangare. Daga fida zuwa ƙugiya zare mita ɗaya da rabi. Koton kansa, felet mai milimita 14, ba a soka shi a ƙugiya, ya yi tauri. Ana rataye shi ne da ɗan zare a bayanta, ƙugiyar tana tsirara, dabarar da masu fatsar kifin carp suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1970. Kifi ya zuƙi koto, ƙugiya ta biyo baya, ya juya ta kama leɓe.

Har rana ta yi sanyi ban da kifin chub babu abin da ya taɓa. Ni Babban-baki nake kiran sa, don komai ka jefa sai ya gwada. Uku na kama, duka a sandar maiƙo.

Rana ba ta faɗi ba sai wajen tara da rabi, kuma a nan matsalata ta kowace bazara take. Lokacin da barbel ke fara kiwo shi ne daidai magariba. Dokar ƙasar ta hana barin sanda a ruwa ba mai kula da ita, kuma ko ba doka, barbel in ya ja sanda ba a riƙe ba, sai dai ka ga wutsiyarta tana shiga kogi. Na naɗe duka biyun, na yi salla a kan ciyawa, na sake jefawa. Minti goma sandar maiƙo ta lanƙwashe. Laba 6 da oza 4, siriri, da alama bai daɗe da gama ƙwai ba.

Asabar, 24 ga Yuni

Ban je ba. Zafi ya yi yawa, ruwan zafi kuwa iskar shaƙarsa kaɗan ce, barbel kuma kifi ne da ke faɗa har ƙarfinsa ya ƙare ƙaf. A irin wannan ruwa kana iya sakin sa ya tafi, can gaba ya juya ciki sama.

Sai na yi gwaji a kicin. Kwalba biyu da ruwan famfo, kowacce felet biyar. Kafin kwata mai maiƙon ya fara sakin ƙananan ɗigo, suna tasowa ɗaya bayan ɗaya su taru a sama kamar man da ke kan miyar taushe. Maras man bai saki komai a sama ba, amma ya kumbura, ruwan ƙasan kwalbar ya yi ja-ja. Bayan awa biyu ya farfashe, mai maiƙon kuwa bayan awa shida ma cikinsa da tauri.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne man sama yake zuwa, barbel kuwa hancinsa a ƙasa yake. In haka ne, a kogi mai zurfin mita uku man ya bar wurin kifi tun bai yi nisa ba. To me ke kiran sa?

Uwargida ta shigo ta tarar da kwalaben a kusa da tukunyarta. Ta ce, “Malam, wannan kuma wane irin jiƙo ne?” Na ce bincike ne. Ta ce binciken ya koma gareji, shi da warinsa. Ba ta manta ranar da na dafa ƙwayar wiwi a tukunyar shinkafarta ba. Halal ne sayar da ita a nan, a shagon kayan fatsa da na abincin tsuntsaye, ana jiƙa ta kwana ɗaya a dafa har ta tsage farin tsiro ya leƙo, kuma barbel na son ta ainun. Amma je ka yi wa surukarka bayani a waya.

Asabar, 8 ga Yuli

Zarin hannu ya ci ni. Na ga ruwa ya ɗan ƙaru, sai na zuba felet mai maiƙo kusan kilo biyu a awa ta farko. Garken birim ya sauka. Kifi ne mai faɗi kamar faifai, ba ya faɗa, sai yauƙi da yake shafa wa zare da koma da riga. Bakwai na ciro. Barbel ko ɗaya.

Asabar, 22 ga Yuli

Tun safe ake ruwa. Kogi ya hau, ya yi launin shayi da madara, digiri 17. Barbel uku, laba 5, laba 7 da laba 8 da rabi, duka a sandar maras mai. Na fara murna, ina cewa ga amsa ta fito.

Akwai wani dattijo Bature da ke zama ƙasa da ni, ya haura saba'in, tun ana kama kifi a Trent da ɗumin ruwan tashoshin wutar kwal yake fatsa a nan. Ya zo da kofin shayinsa ya tsaya a kaina, na ba shi labarin gwajin. Ya dubi sandunan ya ce, “Wacce ce a sama?” Na ce ta maiƙo. Ya ce, “To duk abin da ta zubar ina yake zuwa?”

Na yi shiru. Barbel daga ƙasa yake haurowa yana bin ƙamshi. Abincin sandar sama yana gangarowa ya bi ta kan koton sandar ƙasa, kifi ya tarar da na ƙasa tukuna. Wato mai maiƙon na iya zama shi ya yi kira, maras man ya ci riba. Na buɗe littafi na duba ranar 16 ga Yuni, ashe ran nan sandar maiƙo ce a ƙasa. Duk kifin da na kama tun buɗe kogi sandar ƙasa ce ta kama shi. Fita biyar sun tashi a banza.

Na ce, “Baba, ai da ka faɗa mini tun Yuni.” Ya ce ban tambaye shi ba.

Sabon tsari: kowace fita iri ɗaya kawai, a duka sandunan. Wannan mako maiƙo, mako mai zuwa maras mai. Yawan abincin ma na ƙayyade shi, gwangwani biyu na ƙananan felet da kilo ɗaya na busasshen garin kwaɓi, ba ƙari ko da kifi na roƙo.

Asabar, 12 ga Agusta

Yau kan kwaɓi zan tsaya, don na lura shi ne na fi rainawa.

A Yauri muna yara, masu gura dusa suke sa wa tarkonsu, wani ya haɗa da tunkuza. Aikin ɗaya ne, abin da zai ba da ƙamshi da ƙura ba tare da ya cika cikin kifi ba. Nawa a nan: kashi biyu garin burodi busasshe, kashi biyu niƙaƙƙen felet, kashi ɗaya niƙaƙƙiyar ƙwayar wiwi. Ina jiƙa shi da ruwan da na dafa ƙwayar a ciki.

Sirrin yana wurin jiƙawa. Ba a zuba ruwa gaba ɗaya. Ka zuba kaɗan, ka cuɗa da yatsu a buɗe kamar mai turara dambu, ka bar shi minti ashirin ya sha, ka dawo za ka tarar ya bushe, ka ƙara. Sau uku. Sannan ka tura shi ta rariya don kada dunƙule ya rage. Alamar ya yi ita ce ka damƙa ya tsaya curi, ka murza da tafin hannu ya koma gari. In ya jiƙe da yawa sai ya liƙe a fida, ka naɗo bayan rabin awa ka tarar da shi yadda ka tura shi. In ya bushe sai ya fashe tun fida na bugun ruwa, abincin ya bi saman kogi ya je ya ciyar da kifin maƙwabci.

Na gwada a gefen gaɓa inda ruwa bai kai gwiwa ba, na tsuguna ina kallo. Da matsawar yatsa biyu a hankali, toshin ƙasa ya buɗe cikin minti biyu. Farin garin burodi ya fara tafiya kamar hayaƙi, sai ƙananan felet suka biyo, suna mirginawa taku uku ko huɗu su maƙale a tsakanin tsakuwa. Ɗigon mai kuwa ya taso, ya yi wani ɗan fili sumul a saman ruwa inda iska ba ta iya murɗa shi, ya wuce. Mafi yawan felet ɗin sun tsaya cikin mita ɗaya zuwa biyu daga fida, daidai inda ƙugiyata take kwanciya. Wannan ya kwantar mini da hankali game da tsawon zaren.

Makon maiƙo ne. Barbel biyu, digiri 18.

Asabar, 26 ga Agusta

Na samo ƙuli-ƙuli a wani shagon 'yan Afirka a Hyson Green, na daka na zuba a kwaɓi don in ga ko barbel ɗin Trent zai gane abin kirki. Ya liƙe fiye da kima, sai da na ƙara garin burodi. Babban-baki ya yi biki, biyar. Barbel ɗaya. Ban sa wannan fitar a lissafi ba tunda na canza haɗi, sauran ƙulin kuma yara sun cinye.

Asabar, 9 ga Satumba

Zafi ya dawo, sama da digiri 30 kwana da kwanaki a kudancin ƙasar, mu ma nan muna shan namu. Sanduna na gareji.

Asabar, 30 ga Satumba

Digiri 15, ruwa da ɗan launi, gajimare, ba iska. Makon maiƙo.

Na canza salon zubi ba yawansa ba. Jifa shida a jere da fida ba ƙugiya, wuri ɗaya, na saita da wata bishiya a tsallake. Sannan na zauna awa guda ban jefa komai ba, na sha shayi. Da wuya ƙwarai, hannu na ƙaiƙayi. Amma kifin da ya zo ya ci ba tare da dalma na faɗo masa a kai ba, shi ne ke sakin jiki.

Jifa ta farko da ƙugiya, laba 7. Ta uku, wajen shida da rabi, bakin sanda ya yi rawa sau biyu, ya tsaya, sai gaba ɗaya ta sunkuya har gindinta ya ɗaga daga mazauninsa. Wannan bai yi gudu irin na ƙananan ba. Ya kwanta a ƙasa yana haurawa sama a hankali, kamar an ɗaura zaren a jikin bijimi mai huɗa. Sau uku ina kawo shi bakin koma yana ganin ta ya juya, ril na kuka. A na huɗu ya shiga.

Ban ciro shi ba. Na bar shi cikin koma a ruwa, kansa na fuskantar gudun kogi, minti biyar, har na ga kumatunsa sun daidaita. Sannan na ɗora shi kan shimfiɗa mai laushi da na jiƙa, na cire ƙugiya daga leɓen ƙasa mai kaurin roba. Laba 10 da oza 6, wato kilo 4.7. A nan laba goma ita ce iyakar da kowa ke buri, kuma wannan ne na farko gare ni. Na san ba komai ba ne kusa da mai laba 21 da oza 1 da Grahame King ya kama a Adams Mill, Kogin Great Ouse, a 2006, amma hannuna rawa yake. Na mayar da shi koma, na sake jira, sai da ya fara bugun raga da wutsiya na sunkuyar da bakinta ya fice.

Na tura hoto gida. Yayana ya kira nan take: “Kai, ƙanena, kifin nan duka ka mayar ruwa? Lafiyarka kuwa?” Na ce Yaya, doka ce, a kogin Ingila ba a ɗaukar barbel da ya wuce santimita 20, ga ƙaya kamar allurai, ƙwansa kuma guba ne, yana sa amai da gudawa. Ya ce duk da haka, ko kan ai ya yi farfesu.

Asabar, 21 ga Oktoba

Guguwar Babet. Ruwa ya shiga gidaje a sassan Nottinghamshire, hanyar gaɓarmu ta nitse. Maganar fatsa ba ta taso ba.

Asabar, 28 ga Oktoba

Kogi na nan cike, ja wur, yana ɗauke da ganye da rassa, amma ya fara sauka, digiri 11. Barbel na son irin wannan ruwa. Ba a jifa tsakiya, sai ka nemi inda ruwa mai gudu ya yi iyaka da mai kwanciya, sau da yawa tsawon sanda biyu kawai daga ƙafarka. Fida mai giram 170, sanda ɗaya.

A ambaliya kifi ba ya gani, hanci ke aiki, kuma abin da kowa ke sawa a nan shi ne naman gwangwani, yanka ƙato. Naman alade ne, ba na taɓa shi. Na taɓa gwada na kaza na halal, ya yi laushi, yana faɗuwa tun a iska. Abin da na koma yi shi ne tuwon felet: ka zuba wa ƙananan felet tafasasshen ruwa daidai ya rufe su, ka rufe roba, da safe ka murje da ƙwai ɗaya da ɗan garin alkama har ya yi danƙo. Sai ka lulluɓe felet ɗin ƙugiya da shi, curi kamar goro. Yana zubar da ƙamshi a hankali, in ya wanke kuma koton na nan.

Makon maras mai ne, da shi na yi tuwon. Barbel biyu, babban laba 9. Kowane minti goma sai na naɗo in cire ganye daga zare.

Felet ɗin da aka jiƙa yana sakin abin da ke narkewa a ruwa, wato ɗanɗanon garin kifi, shi kuwa ba ya tashi sama, yana bin ƙasa tare da gudun ruwa. Na fara zargin abin da ke kiran kifi ke nan, man kuma aikinsa hana felet saurin narkewa, shi ya sa ya fi kyau a ƙugiya in ƙananan kifi sun dame ka. Zargi ne dai tukuna.

Asabar, 2 ga Disamba

Sanyi mai shiga ƙashi. Ciyawa ta yi fari, zoben sanda na daskarewa, ruwa digiri 5 kuma sauka yake yi. Makon maiƙo. Awa huɗu ko rawar sanda ban gani ba. Magariba yanzu kafin ƙarfe huɗu, na yi salla na tattara.

Kifi jininsa da ruwa yake tafiya, in ruwa ya yi sanyi cikinsa ma a hankali yake niƙa. Abin da zai ci cikin awa ɗaya a Agusta yana iya isar sa kwanaki a Disamba. Gwangwani biyun da na ɗora wa kaina a matsayin ƙa'ida sun yi yawa a yau, na sani tun ina zubawa, amma ƙa'ida ce.

Da na dawo na maimaita gwajin kwalba, wannan karon a firij ɗin gareji. Bayan awa uku ɗigon mai kaɗan ne a sama, felet na nan kamar tsakuwa. Na sa cokali ɗaya na man kifi a kofi, ɗaya na man ƙwayar wiwi a wani. Da safe na kifin ya yi kauri ya dushe kamar man shanu da hunturu, na wiwin yana zuba yadda yake.

Asabar, 23 ga Disamba

Iska ta juyo daga kudu maso yamma, ruwan sama mai ɗumi, kogi ya hau daga digiri 6 zuwa 9 cikin kwana huɗu. Dattijon nan ya taɓa ce mini hawan ma'auni ya fi adadinsa, digiri 7 mai hawa ya fi digiri 9 mai sauka. Na same shi a wurinsa, fidarsa ƙarama kamar kwalin ashana, yana jefawa sau ɗaya a awa.

Na karya ƙa'idata. Rabin gwangwani na felet masu milimita 3, kwaɓi mai yawan garin burodi, koto milimita 8 da ɗan lulluɓin tuwo. Maras mai. Barbel biyu tsakanin uku da rabi da biyar, gajeru masu ƙiba, jikinsu sanyi ƙalau. Daga yau ma'aunin hunturu rabin gwangwani ne ga kowane iri, na ja layi a littafi don kada lissafin ya cakuɗe.

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Guguwar Henk ta zo kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi da ruwa. An ayyana babban bala'i a Nottinghamshire ranar Alhamis, an kwashe mutane daga gidajen bakin Trent. Na je Trent Bridge na tsaya kallo, matakalan bakin kogi duk sun ɓace. Buhun felet na maiƙo da na buɗe tun Yuni ya fara warin tsohon mai, na zubar da sauran. Mai yana lalacewa in iska na shiga, nan gaba ƙaramin buhu zan riƙa saye in rufe a bokiti.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Fabrairun bana da ɗumi da ruwa. Digiri 9, kogi cike. Makon maiƙo, rabin gwangwani, barbel ɗaya mai laba 8, shi ne na farko da mai maiƙo ya ba ni tun shigowar sanyi.

Ba kowace fita nake kawowa nan ba, sauran suna ƙaramin littafin aljihu. Daren jiya na tattara su, yau na ƙara wannan fitar, daga ƙarshen Yuli da na gyara tsari. Fita 14 ne suka shiga lissafi. A ruwan da ya kai digiri 11 ko fiye, fita huɗu da maiƙo sun ba da barbel 9, fita huɗu da maras mai sun ba da 7. A ruwan da bai kai digiri 10 ba, fita uku da maiƙo barbel 1, fita uku da maras mai barbel 4.

Tara da bakwai ba tazara ba ce, kifi biyu kawai, maraice ɗaya mai kyau ya isa ya juya ta. Na hunturun ya fi kama da magana, amma akwai ƙura a cikinsa: ɗaya daga fitan maiƙo ita ce ta 2 ga Disamba, ranar da ko me ka sa ba abin da zai ci, ga kuma abinci da na zuba ninki huɗu na wanda na zuba ran 23. Ya yiwu yawan ne ya kashe ranar, ba man ba. Abin da ya fi fitowa fili a shafukan ma bai shafi tambayar da na fara da ita ba: kusan kowace rana mai kyau, ko dai na rage zubi ne ko na zuba na jira.

Na nuna wa dattijon lissafin. Ya sa tabarau, ya bi layi-layi da yatsa, ya ce fita goma sha huɗu ba ta isa a yanke wa ko kyanwa hukunci ba. Ya ce in raba abin gida biyu: maiƙo a ƙugiya da maras mai a fida, sannan akasin haka, don har yanzu ban san ko aikin a koto yake ko a zubi ba.

Kogi zai rufe ranar 14 ga Maris da dare, azumi kuma ana sa ran kamawa wajen 11 ga wata. Asabar uku suka rage mini: 24 ga Fabrairu, 2 da 9 ga Maris. Ta farko maiƙo a ƙugiya, maras mai a fida, rabin gwangwani. Na riga na jiƙa ƙwayar wiwi a gareji, a tsohuwar tukunyar da aka sallama mini.